Ku Bar Nas Ɗin Nan Ta Yi Barci

Ƙanwata nas ce. Ranar Talata ta sauka daga tasi a Mokola ƙarfe tara na safe, bayan ta kwana a tsaye kan marasa lafiya, ta tako zuwa unguwarmu ta Sabo tana tangaɗi. Kafin ta cire takalmi, mata huɗu na jiranta a tsakar gida. Wannan a auna mata hawan jini, waccan a karanta mata takardar magani, wata kuma a raka ta asibiti a yi mata tafinta, don Yarbanci ya gagare ta balle Turanci. Na ce su bar ta ta runtsa. Wata dattijuwa ta harare ni: "Haba Malam, ai aikin lada ne."

Ladan nan a kan gawarta za mu tara shi?

A farkon 2024 Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya ta ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Gadajen da suka bari, a kan irin su ƙanwata suka faɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin illar aiki: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe, hannu ya fara kuskure. Mu kuwa da ta daina fara'a sai muka ce girman kai ne, ta yi boko ta raina mutane. Ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da barcin awa shida.

Abin da ya fi ƙona min rai, tun 1916 aka kafa Sabo. Mun tara dukiya a goro da shanu da canji. Makarantar koyon jinya ta asibitin koyarwa na UCH, da aka kafa tun 1952, tana nan kusa da mu, tafiyar ƙafa ce. 'Ya'ya mata nawa muka kai? Mun hana goma karatu, mun ɗora wa ɗaya kayan unguwa guda, kuma ko kuɗin mota ba ma ba ta. Masu kuɗinmu da ke rige-rigen raba shinkafar azumi, me ya hana kowannensu ɗaukar nauyin karatun yarinya guda?

Ni dai na kai tabarma zaure. Duk ranar da ta yi aikin dare, daga tara zuwa azahar ba mai shiga. Wanda ciwonsa ya tsananta, ni zan sa shi a mota mu tafi asibiti. Jiya an kira ni marar imani har sau biyu, ban matsa daga ƙofar ba.