Wa ke biyan mai ba ka labarin yaƙi?

1/ Jiya a teburin mai shayi nan Andarai saura ƙiris a ba hammata iska kan BBC Hausa. Wani ya ce 'yar koren Turawa ce, wani ya ce in ba daga bakinta ya ji ba, bai yarda ba. Ga nawa ra'ayin 🧵

2/ Son kai a labaran yaƙi akwai shi, ban musa ba. Kasa kunne ka ji: a wani wuri "an kashe" mutane, a wani wurin kuma "sun mutu", sai ka ce zazzaɓi ne ya kwashe su. Kwatanta yadda manyan tashoshin Yamma suka yayata yaƙin Yukren a 2022 da yadda suka yi wa na Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023.

3/ Amma wace ce ba ta da ubangida? BBC Hausa ta Birtaniya ce tun 1957. DW ta Jamus, RFI ta Faransa, TRT Afrika ta Turkiyya. Muryar Amurka fa? A Maris 2025 gwamnatin Trump ta tsuke bakin aljihu, sai muka ji tsit. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

4/ Ga abin da ba mu son ji. A Oktoban 2023 ministocin Birtaniya sun caccaki BBC don ta ƙi kiran Hamas 'yan ta'adda da bakinta. Mu kuma a nan muna cewa tana bayan Isra'ila. Wani lokaci "son kai" na nufin "ba ta faɗi abin da nake so ba".

5/ Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ba labarin waje ba ne gare mu 'yan Kebbi. An rufe iyakar Kamba, an yanke wutar da ke tafiya Yamai daga Birnin Kebbi, kasuwa ta tsaya.

6/ A makonnin nan aka turo saƙon murya a WhatsApp wai sojojin ECOWAS sun tsallaka. Ƙanwar mahaifiyata na aure a Gaya. Wallahi Inna ba ta runtsa ba ranar. Ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya turo mana kuwa shi ne mai rantsuwar ya daina sauraron "rediyon Turawa".

7/ Tashar rediyo tana da suna da adireshi, in ta yi ƙarya ka san wanda za ka kama. Mai saƙon murya fa, ina za ka gan shi?

8/ Rufe tasha ma ba magani ba ne. Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Tarayyar Turai ta hana RT, Isra'ila ta rufe Al Jazeera. Kowa na toshe bakin da ba ya so, mai saurare ke asara.

9/ Kawuna manomin albasa ne a Aliero, bai yi boko ba. Da safe tasha ɗaya, da rana wata, da dare wata. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Ɗana, kowace da abin da taka ɓoyewa. Abin da wagga ta ɓoye, waccan za ta tona."

10/ To kafin ka yaɗa labarin yaƙi, ji shi a wurare uku da iyayen gidansu ba sa ga maciji. Ka tambayi kanka: wa aka ba dama ya yi magana, wa aka tsallake?

Kai wace tasha ka daina ji, kuma da me ka maye gurbinta?