Kafin ka sayar da tsohon babur ɗinka, tsaya tukuna

Kullum maganar waya muke yi, yau bari mu taɓa wata fasahar da ba ruwanta da data ko caji: tsohon babur mai kik.

Ɗauki Honda CG125. A 1975 ya fito, kuma da gangan aka ƙera injinsa don ƙasashen da masu babur ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci. Shi ya sa yake jure wahala, har kamfanonin China suka yi ta kwaikwayon injin.

E, yana da halinsa. Da asubar hunturu sai ka ja cok, ka buga kik sau uku ko huɗu kafin ya amsa. Babu allon da zai nuna maka sauran mai, sai ka girgiza tanki ka kasa kunne. In ya fara shaƙewa a hanya, ka murɗa makunnin mai zuwa rizab ka lallaɓa gidan mai.

Amma duba ribar. In ya ƙi tashi, abu uku za ka bincika: mai, wuta, iska. Ka kwance fulogi, ka goge baƙin da ya taru, ka mayar. In kafireta ce ta toshe, bakaniken bakin titi zai wanke ta kana tsaye. Ko baturi ya yi sanyi, ƙafarka ta isa ta tashe shi.

Yanzu kwatanta da wayar hannunka, wadda aka manne baturinta da gam. Sababbin babura masu kwamfuta a ciki ma haka suke: in firikwensin ya lalace, sai mai na'urar bincike. A ƙauye da daddare, ina za ka same shi?

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Birkinsa bai kai na zamani kamawa ba, fitilarsa ma ba ta da ƙarfi. Don haka rage gudu, ka sa hular kwano, ka riƙa juyen mai da ɗaure sarƙa.

Ni dai a ganina, abin da kake iya gyarawa da hannunka shi ne naka na gaskiya. In injin na da lafiya, kar kyallin sabo ya ruɗe ka.

Kai wane tsohon babur ka fara hawa?