Daga ƙofar fada zuwa Miriya: keke muna da shi, me ya hana?

Jama'ar Damagaram, duk mai cewa hawan keke don tara wa masu ciwon daji kuɗi wasan Nasara ne, ya fara gaya mana nawa ya taɓa miƙa wa uwar da ta nufi Yamai da yaro ido a kumbure.

A birnin New York, a 2007, wata mata, Jennifer Goodman Linn, mai fama da nau'in kansar da ba a cika samu ba, ta tara mutane suna taka keken motsa jiki a cikin ɗaki. Sunan abin Cycle for Survival. Ta rasu a 2011, amma tafiyar ta tara sama da dalar Amurka miliyan 300, duka don bincike a asibitin Memorial Sloan Kettering. Keken da ko ƙofa ba ya fita!

Mu kam ba da bincike za mu fara ba, kada mu ruɗi kanmu. Matsalarmu hanya ce. Na'urar gasa kansa ta farko a Nijar sai 2021 ta fara aiki, a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Kansar ido ta yara, da wadda ke kumbura musu muƙamuƙi, ana warkewa in an je da wuri. To manomin Tanut ko Gure ina zai samu kuɗin mota, masauki da abinci na wata da watanni? Sai a ce sammu ne, a sayar da akuya a kai wa boka, yaro na ƙarewa a ɗaka.

Kuma kada a ce babu kuɗi. Lokacin kokowar takobi muna ganin yadda attajirai da 'yan siyasa ke ɓarin kyauta a fili. Oktoba ta zo a sa riga ruwan hoda, a ɗau hoto, kowa ya watse.

Miriya kilomita 20 ce ko ƙasa da haka. Ɗaliban jami'ar André Salifou, samarin fadoji, 'yan kasuwar Dole, kowa ya hau, kowane mahayi ya nemo mai tsaya masa da jaka biyar. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ne wasu ba sa so: a rubuta abin da ya shigo da tikitin mota nawa aka saya, a manna a bango. Wanda lissafi ke ba haushi, wallahi kada a ba shi riƙon asusun.