Fijo Ta Tafi, Kada Kalmominta Su Bi Ta

A hutun da ya gabata na kai wa kawuna ziyara a garejinsa da ke Kafanchan, inda ya shafe fiye da shekara arba'in yana gyaran mota iri ɗaya tak, wato Fijo. Na tarar da shi zaune a kan benci ba aiki, ga wata tsohuwar 504 an ɗora ta bisa duwatsu, kaji sun mayar da kujerunta akurki. Da na tambaye shi ina yaran gareji, sai ya ce, "Ɗana, biyu sun koma acaɓa, ɗaya yana tuƙa keke, ɗayan kuma ya tafi Kaduna koyon gyaran motar da ake tambayar kwamfuta ciwonta." Da na dawo makaranta na shaida wa abokan karatuna cewa kalmomin bakanikan Fijo nake son in yi kundin digirina a kansu, sai aka bushe da dariya. Wani ma cewa ya yi ai wannan ba Hausa ba ce, gurɓataccen Turanci ne. To, wannan ɗan rubutu amsa ce gare shi da masu ra'ayi irin nasa.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san wace ce Fijo, domin da yawa daga cikinmu an haife su bayan kasuwarta ta watse. Peugeot kamfani ne na ƙasar Faransa, wanda ya saba raɗa wa motocinsa suna da lamba uku mai sifiri a tsakiya. Ya fito da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sai 505 a 1979. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. Ba ita kaɗai ba ce a wancan lokaci: akwai Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Leyland a Badun, da Marsandi a Inugu. Amma duk cikinsu babu wadda ta shiga jinin jama'a kamar ta Kakuri. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar hukuma tun daga manyan jami'ai har zuwa 'yan sanda. Malamin makaranta ma yana iya cin bashin mota ya fito da tasa sabuwa fil, da ledarta.

Ita 504 ɗin kanta iri-iri ce. Akwai salun ta 'yan boko da ma'aikata, masu haruffa GL da GR da SR a bayansu, har zuwa Bestline ta ƙarshe-ƙarshe. Akwai a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, gadon da ta karɓa daga yayarta 404. Sannan ga uwa uba, wagon mai kujeru layi uku, wadda ita ce sarauniyar tasha. Duk wanda ya taɓa hawa daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia, ko zuwa Jos ta gefen dutsen Kagoro, ya san yadda ake lodinta: biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya sun naɗe ƙafafu, buhun citta da doya da jarkar manja kuma an ɗaure su da igiya sun leƙo waje. Haka za ta ɗauki hanya tana nishi, ta faɗa rami ta fito kamar ba ta ji ba. Ba tsafi ba ne. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna da tsawon lotsawa, tayoyin baya ne ke tura ta, injinta kuma ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Turawa sun daina ƙera ta a 1983, amma Kenya ta ci gaba har 2004, Kaduna kuwa sai a 2006 ta sallame ta. Wato ta yi rayuwa a wajenmu shekara ashirin da uku bayan an gama da ita a gidan ubanta.

Abin da ya kashe ta kowa ya sani. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, 'yan Kwatano suka cika gari. Gwamnati ta sayar da kasonta a kamfanin a 2006, jami'anta kuma tuni suka koma wa motocin Japan. Sunan Peugeot bai mutu ba, don a 2022 wani sabon kamfani da Ɗangote ke da hannu a ciki ya fara harhaɗa sababbin samfurori a Kaduna. Amma idan dattijo ya ce "Fijo", ba su yake nufi ba.

Sau da yawa nakan ji ana kukan cewa mun yi asarar "motarmu". A nan ne nake da ja. A masana'anta 504 ba ta taɓa zama tamu ba. A Turai aka zana ta, daga can injinta da giyarta suke zuwa cikin akwatuna, a shekarun farko ma jirgin sama ne ke sauke su a Kano daga birnin Liyon kafin a kawo su Kaduna. Mu dai harhaɗawa muka yi, kuma ranar da kuɗin sayo akwatunan ya gagara, aiki ya ja baya. Wurin da ta zama tamu shi ne gareji da tasha, a hannun mutane irin kawuna, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin kamfani ba amma suka san ta ciki da bai, suka kuma raɗa wa kowace gaɓa tata suna.

Ɗan'uwa ɗalibi, dubi waɗannan sunaye da idon darasin tsarin sauti da muke sha wahala a kansa. Sunan motar kansa ya rasa harafinsa na farko, domin Bahaushen asali ba ya rarrabe wannan sauti da "f", shi ya sa ya ce Fijo, ya ce fulogi, ya ce farfela. Ba ya son baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, sai ya raba su ya ce sifana, sitiyari, birki. Wata kalmar ma juya ta ya yi gaba ɗaya har mai ita ba zai gane ta ba, kamar lagireto da kafireta. Wanda ya kira wannan gurɓataccen Turanci, sai ya gaya mana me zai kira alƙalami da littafi da makaranta da ya taho, ko su ma gurɓataccen Larabci ne? Ba aro kawai aka yi ba, an yi ƙira. A-kori-kura tsarinta ɗaya da a-ci-balbal, kuma a kan wannan gwadabe ne Kanawa suka bi daga baya suka ce a-daidaita-sahu. Ga karen mota, ga ɗan kamasho, ga kujerar mai zaman banza, wadda duk wanda ya ƙirƙiro ta ya san adabi ko da bai taɓa shiga aji ba.

Kafanchan kuwa tana da nata ƙarin armashi. Gari ne da ya girma a kan mahaɗar layin dogo, ya tara Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Fantswam da Hausa-Fulanin Jama'a da Ibo masu kantin kayan gyara, kuma Hausa ce igiyar da ta ɗaure su a tasha. Amma Hausa ce mai ɗanɗanonta. A can za ka ji an ce "Pijo" da cikakken harafinta, domin harsunan yankin suna da sautin. Za ka ji direba ya ce "motan ya lalace", bai damu da cewa mota mace ce a littafin nahawu ba, kuma kowa ya fahimce shi. Mu a aji sai mu ja jan biro mu ce kuskure ne. Ni kuwa na ce kari ne na harshe da mutane masu ɗimbin yawa ke rayuwa da shi, kuma garejin Fijo na cikin wuraren da ya fi nuna.

Kada a ɗauka ina kiran a dawo da 504. A'a. Tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya, ba ta da kariyar da motocin yanzu ke da ita, kuma lodin ganganci ya sa ta ci rayuka a waɗannan hanyoyi namu. Zamaninta ya wuce. Abin da nake cewa shi ne, mun iya tattara sunayen kayan doki, daga linzami zuwa likkafa, kundi bisa kundi har ɗakin karatun sashe ya cika, alhali abin hawan da ya kai iyayenmu mata asibiti, ya kai amare ɗakunansu, ya kai cittar Kwoi kasuwa, ba mu ga ya cancanci shafi goma ba. Motocin yau ba su da kafireta. Yaron da ya tafi Kaduna koyon gyara ba zai buƙaci kalmar ba, ɗansa kuwa ba zai taɓa jin ta ba.

Kafin in baro Kafanchan na roƙi kawu ya zagaya da ni jikin tsohuwar motar nan, yana faɗa ina ɗauka a waya. Mun fara daga fitilar gaba, la'asar ta yi ba mu wuce injin ba, domin kowane ƙarfe ya taɓa sai ya tuno wani direba da wata hanya da wani dare da suka kwana a daji kusa da Kachia. Da na ce zan tafi, sai ya ce, "In za ka dawo ka dawo da wuri, masu sayen ƙarfe sun riga sun yi mata kuɗi."