FILIN DIREBA DA MAI MOTA: Turbo biyu a ƙaramin inji, riba ko hasara?

Bayan kaka, in an sayar da wake da gyaɗa, ko an fitar da sa biyu kasuwa, waɗansu manoma da makiyaya na ƙasar Tibiri sukan sayi tsohuwar mota. Ba don ado ba, don neman abinci. Motar ta kai mutane kasuwa, ta ɗauko buhunan gero daga Dumega ko Gesheme, ta fita Kore Mairuwa, ta hau babbar hanya zuwa Dogon Dutsi. Galibinsu ƙananan motoci ne masu silinda huɗu.

To, a tasha da garaji ana yawan jin wata magana. Samari suna ganin hotuna a waya, suna cewa in aka ɗaura wa ƙaramin inji turbo, har ma guda biyu, zai ja kamar babbar mota. Kafin mutum ya kwance dabbarsa saboda wannan, ya kamata ya san mene ne turbo.

Kowa ya san zugazugin maƙeri. Gawayi yana ci a hankali, amma in aka zuga masa iska sai wuta ta yi ƙarfi har ƙarfe ya yi ja. Inji ma haka yake. Yana ƙona mai da iska cikin silinda. In iska ta ƙaru, aka ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Turbo shi ne zugazugin inji. Farfela biyu gare shi a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana danna iska cikin inji. Juyin yana wuce sau 100.000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905.

Me ya kawo guda biyu? Babban turbo nawa gare shi. Ba ya tashi sai hayaƙi ya yi yawa, wato sai inji ya yi gudu. Ƙarami yana tashi da wuri, amma numfashinsa ba ya nisa. Shi ya sa waɗansu kamfanoni suka haɗa ƙarami da babba, ƙaramin ya fara, babban ya karɓa. Haka aka yi wa Volkswagen Amarok a 2010, da Ford Ranger a 2018. Dukansu silinda huɗu ne, lita 2, masu shan gazuwal. Na Ford ya kai ƙarfin doki 213. Peugeot 504 mai lita 2 da aka saba gani a tashoshi, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ƙarfin dokinta bai kai 100 ba.

Ashe samarin ba ƙarya suka yi ba. Amma akwai abin da hoto ba ya nunawa. Waɗancan injuna tun daga masana'anta aka ƙera su don ɗaukar wannan nauyi. Fistan ɗinsu masu ƙwari ne. Akwai abin sanyaya iska kafin ta shiga inji. Akwai kwamfuta mai auna mai da iska, ita ke buɗe ƙofar hayaƙi tsakanin turbo da turbo. Tsohon inji ba shi da ko ɗaya. In aka zuga shi da ƙarfi, zafi ya yi yawa, ruwan lagireto ya tafasa, gasket ya ƙone, fistan ya fashe. In mai shan esansi ne, abin ya fi muni, don man yakan kama wuta kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Akwai kuma maganar hayaƙi. Babban inji mai silinda shida ko takwas, wanda aka jera su layi biyu, kowane layi yana iya ciyar da turbo nasa. Silinda huɗu kuwa hayaƙinsu kaɗan ne. In aka raba shi biyu daidai, kowane turbo ya samu rabi, tashi ya yi wuya. Turbo ɗaya da ya dace da girman inji ya ishi silinda huɗu. Motocin Toyota Hilux masu gazuwal da suka fito daga 2005, da yawansu ɗaya gare su, kuma suna aiki a daji.

Sannan a dubi ƙasar kanta. Cikin Dallol Mawri rairayi ne, da rani kuma ga ƙurar hunturu. Turbo ba ya shiri da ƙura. In matatar iska ta yage, ƙwayoyin yashi suna cinye farfela kamar zarto. Ba ya shiri da tsohon baƙin mai, don sandarsa a kan mai take yawo, in man ya ƙazantu ko ya yanke, nan da nan ta lalace. Ba ya shiri da man kwalba na bakin hanya in an gauraya shi da ruwa ko kananzir. Wanda ya sa biyu ya ninka wuraren lalacewa. Ranar da suka tsaya, da wuya a samu kayansu a kusa, sai an aika Yamai, ko a ƙetara Najeriya, Sakkwato ko Kano. Mota tana kwance, ranakun kasuwa suna wucewa, ga bashi, ga iyali.

Kuma ina za a yi gudun? Hanyar ƙauye ramuka ce da shanu da amalanke. Abin da ke hana motar kasuwa tafiya ba ƙarancin ƙarfi ba ne kullum. Lodi ne ya wuce kima, ko matata ta toshe, ko fulogi sun mutu, ko kuloci ya cinye. Ƙara wa mota ƙarfi alhali birkinta da tayoyinta na da ne, ga mutane a saman buhuna, wannan wasa ne da rayuka.

Saboda haka, ga mai ƙaramar mota a nan Arewa, turbo biyu ba ya maida kuɗinsa. Kuɗin a sa su a birki, da tayoyi, da wanke lagireto, da juyen baƙin mai a kan lokaci. In inji ya gaji ƙwarai, a yi masa gyaran ciki, ko a sa wani irinsa mai lafiya.

Wanda kuwa zai sayi mota mai turbo na asali, ya tafi da makaniken da ya yarda da shi. A tada ta da safe tana sanyi. In tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai ke nan. In ana jin kuka mai tsini kamar jiniya, turbo ya kusa ƙarewa. A cire tiyon iska a duba, in mai ya yi yawa a ciki, ko sandar farfela tana girgiza har tana taɓa bango, a rage kuɗi ko a bar ta. In an saya, kada a taka ta da ƙarfi tun ba ta yi ɗumi ba. Bayan doguwar tafiya kuma, a bar inji yana juyi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don mai ya sanyaya sandar. Da hunturu a riƙa duba matatar iska kowane mako.