Tsofaffin motocinmu da fetur mai haɗin etanol: wane mai za mu sha?

Duk wanda ke bin kasuwannin kan iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Matamaye zuwa Daura, ya san cewa motocin da ke ɗauke da mu da kayanmu ba na jiya ba ne. Akwai Fijo 504 da 505, da Toyota Hiace, da Starlet, da tsofaffin Golf, waɗanda da yawansu sun girmi yaran motar da ke lodinsu. Ga kuma koken da muke yawan ji a tasha: an sha mai, mota ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, bakanike ya buɗe kabireta ya tarar da ruwa da tsatsa. Dalilan haka suna da yawa, amma akwai guda da ya kamata mu sani tun kafin ya yi mana yawa, wato fetur ɗin da ake haɗawa da sinadarin etanol.

Etanol wani nau'in barasa ne da ake samu daga rake, masara, rogo ko dawa. Ƙasashe da dama suna zuba shi cikin fetur don rage dogaro da ɗanyen mai da kuma samar wa manomansu kasuwa. Idan aka ce E10, ana nufin kashi 10 cikin 100 na man etanol ne. Faransa ta fara sayar da E10 a 2009, Jamus a 2011, Ingila kuma ta mai da shi man yau da kullum a watan Satumba na 2021. A 2025 Indiya ta kai kashi 20, Barazil ta ɗaga nata zuwa kashi 30. Ita ma Nijeriya ta fitar da tsarin haɗa E10 tun 2007, sai dai shirin bai yi nisa ba.

A gaskiya wannan mai ba algus ba ne. Motar zamani mai injekta tana da na'urar da ke daidaita mai da iska da kanta, kuma robobinta an yi su ne don su jure shi. Tsohuwar mota mai kabireta ce ke shan wahala. Na farko, etanol yana jawo danshi. Idan ruwan ya yi yawa sai su haɗu su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfon mai ke zuƙa. Na biyu, yana cinye tsohon tiyon roba, yana kuma lalata wasu ƙarafan kabireta. Na uku, yana wanko dauɗar da ta shekara a tanki, ta je ta toshe filta. Bugu da ƙari, ƙarfin etanol bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka mai E10 yana ƙara shan mai da kimanin kashi 3 cikin 100. Ga mai zirga-zirga kowace ranar kasuwa, wannan kuɗi ne.

Wani zai ce, ina ruwanmu da man Turawa? Ruwanmu shi ne hanyar da mai ke bi ya iso mana ta sauya. Idan masu karatu ba su manta ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Nijeriya, farashi ya ninka, man ƴan ruwa-ruwa da muka saba saye da araha ya ja baya. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin lita zuwa sefa 499, jama'a suka koma gidajen mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya ƙosar da kowa ba, har aka shiga ƙarancin mai a watan Maris na 2025, dole aka nemo daga waje. Duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, mai saye ba ya tambayar asalin mai, abin da ya samu shi zai zuba.

Mun kuma ga misalin abin da rashin bincike ke jawowa. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin mai na Nijeriya, NNPC, ya amsa cewa an shigo da jirage 4 na fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam ɗauke da sinadarin metanol, ɗan'uwan etanol da ya fi shi cin ƙarfe da roba. Motoci sun lalace, an yi makonni ana layi a gidajen mai. Abin lura shi ne bayanin da kamfanin ya yi cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da ta sauke kaya bai haɗa da neman metanol ba.

A nan ne bambancinmu da Turai yake. Tun Oktoban 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta manna alamar E5 ko E10 a jikin famfo, kuma a Ingila da Faransa an bar wa masu tsofaffin motoci mai ƙarancin etanol, ko da ya fi tsada. Mai tsohuwar mota a can yana da zaɓi domin ya san abin da yake saye. Mu kuwa da muka gaji tsofaffin motocinsu, kwalba da jarka ba su da alama.

To, mene ne abin yi? Akwai gwaji mai sauƙi. A sami kwalba mai haske, a zuba ruwa kaɗan, a yi zane daidai inda ya tsaya, a ƙara fetur kamar ninki 9 na ruwan, a rufe a girgiza, a bar shi ya kwanta, nesa da wuta da taba. Idan ruwan ya haura zanen, to akwai barasa a cikin man, kuma gwargwadon haurawarsa gwargwadon yawanta. Kada kuma wani ya ce zai riƙa wanke man da ruwa don cire etanol, domin hakan yana rage ingancinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa.

Sai kuma a riƙa shan mai inda ake yawan ciniki, ba inda ya daɗe a ajiye ba, musamman da damina. Kada a adana irin wannan mai watanni a jarka ko a tankin motar da ke fake. A sauya tsofaffin tiyo da sababbi masu jure etanol, a ajiye filta ta biyu a mota. Masu babur da janareto da injin ban-ruwa su ma abin ya shafe su, don yawancinsu kabireta gare su. Ragin sefa 50 a lita ba zai biya asarar lodin tumatir ko kifi da ya kwana a daji ba. Araha dai ba ta ado.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu, da kamfanin SONIDEP, da su riƙa gwada duk man da aka shigo da shi, su kuma wajabta rubuta abin da ke cikinsa a jikin famfo da harshen da direba zai gane. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kasuwa su ne suka fi cancantar ɗaukar wannan magana, domin mota ita ce jarin da yawanmu. Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu lafiya.