Wa Za Mu Ba Amanar Guzurin Tsufa?

'Yan'uwa manoma, mu ba mu da fansho. Ran da ƙugu ya ƙi fartanya, abin da muka ajiye shi za mu ci. Da an sayar da albasa da tafarnuwa na fadamun Wurno da Goronyo, masu ba da shawarar kuɗi sukan biyo mu har Gandi, kowa da zaƙin bakinsa.

A ganinmu, kada mu saurari kowa a ɓoye. Ya zo gaban ƙungiya ya amsa tambaya uku. Wa ke biyanka? Ina kuɗinmu za su kwana, a bankin da NDIC ta tsaya wa, ko a aljihunka? In ciwo ya zo, yaushe za mu iya cirewa?

Wanda ya yi alkawarin riba mai yawa cikin wata guda, mu tuna da yadda MMM ta cinye kuɗin jama'a a 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mashawarcin kirki ba ya gaggawa, ba ya kuma cewa a zuba kome wuri ɗaya. Ambaliyar 2010 ta tafi da rumbuna, ɓarayin daji sun kora garkuna. Don haka zai ce a raba: kaɗan hatsi, kaɗan tumaki, kaɗan asusun fansho na masu sana'ar kansu, wanda PenCom ta buɗe a 2019.

Mu tattauna wannan a taronmu na gaba, kafin kuɗin albasa su shigo.